Kilomita nawa cikakken tanki ke kai motar Camry Hybrid?

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, yawan man da mota ke sha ya zama babban abin dubawa ga masu sayen mota a Najeriya.

Litar man da a baya ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama a shekarar 2024.

Wannan ne ya sa hankalin wasu ya karkata ga motoci masu haɗa injin fetur da na lantarki, waɗanda ake shigowa da su na hannu, musamman daga Amurka.

Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ne ya fara ƙera irin waɗannan motoci da yawa domin kasuwa, lokacin da ya fitar da Prius a 1997. A 2006 kuma ya sanya fasahar a cikin Camry, motar da ba baƙuwa ba ce a titunan Kano da Kaduna.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, ita ce ke tantance shan man motocin da ake sayarwa a ƙasar.

A ma'auninta, Camry Hybrid samfurin LE ƙirar 2018 tana tafiyar mil 52 da galan ɗaya na Amurka, wato kimanin kilomita 22 ke nan da kowace lita.

Tankin motar na ɗaukar kimanin lita 50. Idan aka lissafa, cikakken tanki zai kai ta kilomita 1,100, abin da ya ɗara nisan Kano zuwa Legas.

Takwararta mai amfani da fetur zalla, duk da cewa tankinta ya fi girma da kusan lita 10, lissafinta bai wuce kilomita 800 da 'yan kai ba.

Sai dai kuma ba kowace Camry Hybrid ce ke kai wannan nisa ba. Samfuran SE da XLE na shekarar, masu manyan tayoyi da ƙarin kayan alatu, kilomita 19 da rabi suke yi da lita guda. Bambancin ya haura kilomita 100 a kan tanki ɗaya.

Ribar tana cikin gari

Motar ba a jona ta da wutar lantarki. Injin fetur ne ke cajin batirinta, sannan duk lokacin da direba ya taka birki, injin lantarkin kan mayar da ƙarfin gudun motar ya zama wuta, ya adana a batir.

A motar da aka saba da ita, wannan ƙarfi zafi yake zama a jikin birki, ya bi iska.

Haka nan idan motar ta tsaya a danja ko ta shiga cunkoso, injin fetur kan mutu da kansa, batir ya ci gaba da jan ta a hankali.

Saboda haka, a tafiyar kilomita 100 cikin gari, Camry Hybrid na shan kimanin lita 4.6, yayin da mai fetur zalla ke shan lita 8.4.

A babbar hanya kuwa, inda ba a yawan taka birki kuma inji ba ya hutawa, tazarar na tsukewa: lita 4.4 da lita 6.

Ma'ana, direban tasi da ke yini a cunkoson gari yana rage kusan lita huɗu a kowane kilomita 100, shi kuwa mai doguwar tafiya bai kai ga rage lita biyu ba. Duk wanda zai biya ƙarin kuɗi domin mallakar motar, wannan ne lissafin da ya kamata ya fara yi.

Takarda daban, hanya daban

Ana samar da alƙaluman EPA ne a ɗakin gwaji, inda tayoyin mota ke juyawa a kan na'ura, kuma akasari kamfanonin ne ke yin gwajin su miƙa sakamako.

An taɓa samun kuskure. A 2014 kamfanin Ford ya rage ma'aunin Fusion Hybrid daga mil 47 zuwa 42 a galan, ya kuma biya waɗanda suka sayi motar wasu kuɗaɗe.

Gudu fiye da kima, lodi mai nauyi da tayar da ba ta da isasshiyar iska duk suna ƙara shan mai.

Zafi ma na da nasa tasiri. Na'urar sanyaya motar daga batir take jan wuta, don haka a rana mai zafi injin fetur kan tashi akai-akai ko da motar na tsaye.

Shi kansa batirin iska ce ke sanyaya shi ta wata kafa da ke wajen kujerar baya. Idan ƙura ta toshe ta, kamar yadda kan faru lokacin hunturu, batirin na ɗumama, motar ta rage dogaro da shi. Batirin motar da ta daɗe a hanya kuma ba ya riƙe caji kamar sabo.

Lambar da ke allon gaban direba, mai nuna kilomitar da ta rage, kirdado ne da kwamfutar motar ke yi bisa yadda aka tuƙa ta a baya-bayan nan.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a cika tanki, a rubuta kilomitar da ke allo, a yi tafiya, a sake cikawa, sannan a raba nisan da aka yi da yawan litar da ta shiga.

Kuma ba a barin man ya ƙare ƙurmus da fatan batir zai kai mutum gidan mai. Ɗan gajeren nisa kawai yake iya jan motar, kuma idan ya zube gaba ɗaya injin ba zai tashi ba, domin shi ne ke tayar da shi.