Tarkacen da Ba Ya Faɗowa

 Muna gaida mutanen Garagumsa da Takeita da Tirmini, da duk inda muryarmu ke kaiwa a ƙasar Damagaram.

Duk mai kwanon parabol a gidansa ya san cewa da zarar mai gyara ya saita shi ya ɗaure, ba a sake juya shi, sai fa in iskar farkon damina ta karkata shi. Dalili shi ne tauraron ɗan'adam ɗin da kwanon ke kallo yana can nisan kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu, kuma a wannan nisa tafiyarsa ta yi daidai da juyawar duniya. Yana gudun kilomita uku a kowace daƙiƙa, amma ga wanda ke tsakar gida a Garagumsa, tamkar an kafe shi. A kan wannan zobe ne taurarin talabijin suke. Nan ne kuma taurarin Meteosat suke, waɗanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke duba hotunansu don kimanta ruwan da ya sauka a gonakin hatsinmu.

To, tsayuwar nan da aiki ake samun ta. Rana da wata suna jan tauraron, ita ma duniya ba mulmulalliya ba ce sarai. Sai masu kula da shi sun riƙa kunna ƙananan injinansa suna mayar da shi gurbinsa. Ranar da mai ya ƙare, ko lantarki ya ɗauke, sai ya fara yawo.

Maƙwabtanmu sun ɗanɗana wannan. A watan Mayu na 2007 aka harba wa Najeriya tauraron NigComSat-1 daga Xichang a ƙasar Sin. Cikin Nuwamban 2008 farantansa na hasken rana suka lalace, ya mutu bai cika shekara biyu ba, sai a Disamban 2011 aka harba madadinsa. Mai sauraro zai ce, to ina gawar irin wannan tauraro take zuwa? Babu inda take zuwa. Abin da ke kusa da ƙasa, iska tana rage masa gudu har ya faɗo, galibi ya ƙone a hanya. A can sama kuwa babu iskar da za ta yi wannan aiki. Abin da ya mutu a can zai wuce jikokin jikokinmu yana kewayawa.

Yawon nasa yana da tsari, kuma sanin tsarin ne jarin masu bin sawun tarkace. Akwai wurare biyu a zoben da ke jan matattun taurari: ɗaya a digiri 75 gabas, saitin Indiya, ɗayan a digiri 105 yamma, saitin tekun Fasifik. Mataccen tauraro yakan gangaro wajen ɗayansu, ya wuce, ya dawo, kamar ƙwallon goruba da aka saki a cikin ƙwarya. Ban da wannan, hanyarsa tana karkacewa kaɗan-kaɗan, ƙasa da digiri ɗaya a shekara, har ta kai wajen digiri 15 cikin shekara 26 ko 27, sannan ta fara komawa. Sakamakon haka, sau biyu a kowace rana yana ratsa layin taurari masu rai, da gudun da kan kai mita 800 a daƙiƙa. A wannan gudu, guntun ƙarfe ya isa ya kashe tauraron da aka kashe wa dukiya mai yawa.

Yaya ake ganin waɗannan tarkace? Na'urar rada, wadda ke aiki sosai a kusa, ƙarfinta yana raguwa matuƙa a wannan nisa. Don haka madubin hangen nesa ne abin dogaro, kuma sai da dare, sai sama ta yi garau, sai hasken rana ya bugi abin. Dabarar tana da daɗin ji. Ana tsayar da madubin cik a ɗauki hoto. Taurarin Allah, da yake duniya na juyawa, sai su fito a hoton zane-zane dogaye. Tauraron ɗan'adam mai rai ya fito ɗigo guda. Tarkace kuwa, in aka jera hotunan, sai a ga ɗigonsa yana gusawa ta wata fuska dabam. A bi shi yau, a bi shi gobe da jibi, a lissafa hanyarsa. Ko ƙyaftawar haskensa tana da amfani, don ita ke nuna ko yana wuntsilawa. Sojojin Amurka suna wannan aiki daga Socorro da Maui da tsibirin Diego Garcia. Hukumar sararin samaniya ta Turai tana da madubi a tsibirin Tenerife, kuma da shi aka gano wasu tarkace marasa nauyi, waɗanda ake kyautata zaton ɓaren mayafin taurari ne, da hasken rana kaɗai ke turawa har ya sauya musu hanya.

Ranar 19 ga Oktoba 2024 aikin ya ƙaru. Tauraron Intelsat 33e, wanda a lokacin yake hidima ga sassan Afirka da Turai da Asiya, ya tarwatse a digiri 60 gabas. Da farko Amurka ta ce tana bin gutsure kusan 20. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanin ExoAnalytic ya ce ya hango wajen 500.

Maganin da aka amince da shi mai sauƙin faɗa ne: kafin mai ya ƙare, a ɗaga tauraron kimanin kilomita 300 sama da zoben, wurin da ake kira maƙabartar taurari, a zubar da ragowar man, a kashe batura. Wannan yana nufin mai tauraro ya haƙura da kuɗin ƴan watanni na aiki. A Janairun 2022 Sin ta nuna wata hanya, inda tauraronta Shijian-21 ya kama wani mataccen tauraron Beidou ya ja shi zuwa can.

Abin da ya sa muka kawo muku wannan batu, jama'a, shi ne a ƙarshen 2024 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan sayen taurari uku, ciki har da na sadarwa. A ganinmu, ya dace tun a takardar ciniki a rubuta yadda za a kawar da kowanne idan ya tsufa, da man da za a ware domin haka. Kuma muna fatan Jami'ar André Salifou ta Zinder za ta yi tunanin mallakar madubin hangen nesa, ko da ƙarami ne, ɗalibanta su koyi wannan lissafi, domin a dararen kaka, kafin hazo ya sauko, samanmu tana buɗewa sosai.