Tunawa Da Marigayiya Hajiya Maryam Babangida

Ranar 27 ga watan Disamba, 2009, Allah Ya yi wa Hajiya Maryam Babangida rasuwa a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, bayan doguwar jinyar ciwon daji. Shekarunta 61 a duniya. Aka kawo ta Minna aka yi mata sutura. Ta bar mijinta, Janar Ibrahim Badamasi Babangida, da 'ya'ya huɗu, watau Muhammadu da Aminu da A'isha da Halima.

An haife ta a Asaba cikin 1948. Mahaifinta mutumin can ne, mahaifiyarta kuwa, Hajiya Asabe, 'yar Arewa ce. A Kaduna ta yi karatu, a makarantar da ake kira Kwalejin Sarauniya Amina yanzu, sa'an nan ta koyi aikin sakatare. Aka ɗaura aurenta da Babangida cikin watan Satumba, 1969, yaƙin basasa bai ƙare ba, ango kuwa yana ɗauke da raunin da ya samo a bakin daga.

Matar soja ba ta barci da ido biyu. Daren 22 ga Afrilu, 1990, sa'ad da su Manjo Gideon Orkar suka buɗe wa Barikin Dodan wuta a Ikko, tana cikin gidan, autarta tana ƙarama. Dogarin mijinta, Laftanar Kanar U.K. Bello, a wannan daren ya rasa ransa.

Jama'a sun fi tuna ta da ado da iya ɗaurin kallabi. Kaɗan ne suka san cewa mace ce mai sha'awar kiwon tsuntsaye da renon shuke-shuke, aikin da ba ya yiwuwa sai da haƙuri da kulawa ta yau da kullum. Mai wannan hali ba abin mamaki ba ne ta kafa makaranta, kamar yadda ta kafa El-Amin a Minna.

Amma babban aikinta shi ne shirin kyautata rayuwar matan karkara, wanda ta soma cikin 1987. Aka kafa ƙungiyoyin gama kai, aka raba injunan niƙa da na sarrafa rogo, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci. Cikin 1991 aka ba ta lambar yabo ta Afirka kan yaƙi da yunwa, tare da Wangari Maathai ta Kenya. Masu suka dai ba su yi shiru ba. Sun ce kuɗin gwamnati ne ake kashewa ba tare da wata doka ta tanadi ofishin uwargidan shugaba ba, kuma matan manya sun fi matan ƙauye morewa. Maganar tasu da ƙanshin gaskiya, gama shirin bai daɗe ba bayan mijinta ya sauka cikin 1993.

Duk da haka tambayar da ta tayar tana nan. A zamanin mijinta aka dawo da babban birni Abuja, cikin Disamba, 1991, abin da ya mai da Mararaba, a bakin iyakar Jihar Nasarawa, gari mai cunkoso. Matan da ke kasa doya da garin rogo a gefen titin Keffi tun asuba, irinsu ne ta yi wa magana. Cibiyar bunƙasa mata da ke ɗauke da sunanta tana tsakiyar Abuja, tafiyar mota ɗaya ko biyu daga inda suke zaune.