Cinikin Kujerar Gaba: Me Matafiyi Ke Saya Idan Ya Ɗaga Tikitinsa?

Da zarar an rufe ƙofar jirgin sama, duk kujerar da babu kowa a kanta ta tashi a tutar babu. Ba a ajiye ta sai gobe, ba a mayar da ita sito. Man da jirgin zai sha, albashin matuƙa da kuɗin sauka a filin jirgi duk suna nan yadda suke, ko kujerar ta samu mai zama ko ba ta samu ba. Kamfanin jirgi da mai sayar da tumatir a Kwanar Gafan matsalarsu ɗaya ce, kayan gwari suke riƙe da shi, kuma rana tana yi. Daga nan ne saƙon nan yake fitowa, wanda kan faɗo wa matafiyi ta imel ko ta manhajar kamfani kwanaki kaɗan kafin tafiya: ka riga ka sayi tikitin ajin gama-gari, to ga dama ta samu, cika kaza ka koma gaba.

Rabon jirgi aji-aji yadda muka san shi yau bai daɗe ba. Har tsakiyar shekarun 1970 aji biyu ne a yawancin jirage, na ɗaya da na gama-gari, wanda ma'aikatan jirgi ke kira ikonomi. Da tikiti masu rahusa suka fara yawa, musamman bayan Amurka ta sake wa harkar jiragenta mara a 1978, sai ma'aikatan kamfanoni da ke biyan cikakken farashi suka ga ana cusa su wuri ɗaya da 'yan yawon buɗe ido da suka biya rabin kuɗinsu. Domin a lallashe su ne British Airways da Pan Am suka keɓe musu wani sashe a 1978, Qantas ta ƙasar Ostareliya ta fito da nata ajin bizines a 1979. A 1992 Virgin Atlantic da EVA Air ta Taiwan suka ƙirƙiro aji na tsaka-tsaki, tsakanin ikonomi da bizines. A shekarar 2000 kuma British Airways ta sa kujerar da ke miƙewa ta zama gado a bizines, kuma tun daga lokacin abin da ake sayarwa a gaban jirgi ya tashi daga nama da faranti mai kyau ya koma barci.

Sai dai mai son fahimtar wannan ciniki, ba labulen da ke raba sassan jirgi zai duba ba, harafin da ke jikin tikitinsa zai duba. Kowane tikiti yana da harafi guda da ke nuna rukunin farashinsa. Bisa al'ada Y na cikakken farashin ikonomi ne, J da C na bizines, F na aji na ɗaya, sauran haruffa kuma kowane kamfani da yadda yake raba su. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, abinci ɗaya, bargo iri ɗaya, amma ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya, domin harafinsu ba ɗaya ba ne. Harafin ne ke faɗin ko za ka iya sauya rana, ko za a mayar maka da kuɗi idan ka fasa, ko maki nawa za ka samu, har da ko ana iya ɗaga tikitin naka ma tun farko. American Airlines ce ta yi suna wajen wannan dabara ta rarraba kujeru bisa farashi, a zamanin shugabanta Robert Crandall, kuma ita ce ta buɗe shirin tara maki na AAdvantage a 1981. Yau kwamfuta ce ke wannan lissafi dare da rana, tana hasashen kujeru nawa za su sayu a kan cikakken farashi da nawa za su yi kwantai.

Hanya mafi tsafta ta komawa gaba ita ce a sake yanka tikitin gaba ɗaya: a soke harafinka na ikonomi, a ba ka na bizines, ka cika bambancin farashi, wani lokaci har da kuɗin sauyi. Wannan ita ce mafi tsada, amma ita kaɗai ke mayar da kai cikakken ɗan bizines da dukkan haƙƙoƙinsa. Wanda ya sayi tikitinsa ta hannun ejan, galibi wurin ejan ɗin za a tura shi. Akwai kuma biya da makin da mutum ya tara, ga wanda yake yawan tafiya da kamfani ɗaya, ko da yake tikiti mafi arha sau da yawa ba ya cikin waɗanda ake ɗagawa da maki. Sannan akwai tayin farashi tsayayye, wanda kan bayyana a manhaja lokacin karɓar katin shiga jirgi, ko a kantar awon kaya, wasu kamfanonin ma har bayan an shiga jirgi.

Hanyar da ta fi jan hankali ita ce ta gwanjo. Wani kamfani mai suna Plusgrade, da aka kafa a Montreal ta ƙasar Kanada a 2009, shi ne ya yaɗa wannan tsari, kuma kamfanoni irin su Lufthansa, Etihad, Kenya Airways da Ethiopian Airlines suna barin fasinja ya taya kujerar gaba. Za a nuna maka ƙaramin farashin da ba a sauka ƙasa da shi da kuma babban da ba a wuce shi, kai kuma ka zaɓi abin da za ka iya a tsakani, ka shigar da lambar katin bankinka. Ba za a cire ko sisi ba sai an sallama maka. Amsa kan zo ana saura kwana ɗaya zuwa uku a tashi, wani lokaci ma awoyi kaɗan. A gefe akwai wata alama da ke gaya maka wai tayinka mai rauni ne ko mai ƙarfi. A tuna cewa mai kaya ne ya ƙera wannan ma'auni, kuma ba a taɓa jin mai kaya ya ce wa mai saye ya taya da yawa ba.

Gwanjon nan a rufe yake. Ba ka ganin tayin kowa, ba ka san kujeru nawa suka rage ba, kuma kamfanin yana da ikon cewa albarka ga kowa da kowa ya tashi da kujerunsa a wofi. Wannan na ƙarshe ba wauta ba ce. Idan matafiya suka saba cewa kullum za a karyar da farashin bizines ana gobe tafiya, babu mai sake biyan cikakken kuɗi, alhali a dogon zango kujerun gaba ne ke ɗauke da babban kaso na ribar jirgi. Saboda haka aka sa wa tayi ƙasan da ba ya wucewa, kuma saboda haka ba kowa ake aika wa saƙon ba. Ba kuma lallai mafi yawan kuɗi ne ke ci ba: harafin tikitinka da matsayinka a shirin maki suna iya shiga lissafi.

Yadda abin ya sauya a Amurka ya isa misali. A wajejen 2011, kimanin kashi 14 cikin ɗari kacal na kujerun aji na ɗaya a jiragen cikin gida na Delta ake biyan kuɗinsu. Mafi yawan sauran kyauta ake bai wa tsofaffin abokan ciniki. A 'yan shekarun nan kason da ake saya ya haura 70 cikin ɗari. Kamfanin ya gano cewa abin da yake kyauta da shi yana da masu saye, matuƙar an sauko da farashin daidai aljihunsu.

To me ake saya? Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. A gwanjo da tayin farashi tsayayye, kujera ka saya, ba tikiti ba. Sharuɗɗan tikitinka na asali suna nan daram. Idan ba a mayar da kuɗinsa, yanzu ma ba a mayarwa, kuma cikon da ka yi shi ma yakan bi ruwa idan kai ne ka fasa tafiyar ko ka sauya rana. Maki galibi a kan tsohon harafi ake lissafa maka. Ɗakin hutawa na filin jirgi, wasu kamfanoni suna haɗawa da shi, wasu ba sa haɗawa. Haka ma kaya. A hanyoyi da dama na Afirka ikonomi jaka biyu ne masu kilo 23, bizines kuma biyu masu kilo 32, wato bambancin kilo 18. Ga ɗan kasuwar da ke dawowa daga Guangzhou ko Dubai wannan ba ƙaramin abu ba ne, har yana iya rage masa kuɗin awo. Amma sai ya tabbatar a rubuce cewa ƙarin kilon yana cikin cinikin, domin in ba ya ciki, zai zauna a gaba ya kuma biya kuɗin kaya a kanta.

Akwai wasu ƙananan sharuɗɗa da ke cizo. Farashin na mutum ɗaya ne, kuma na zango ɗaya. Wanda zai tashi daga Kano zuwa Guangzhou ta Addis Ababa jirgi biyu zai hau, kowanne da nasa tayin. Idan mutum huɗu ne a rajista ɗaya, maigida da uwargida da yara biyu, yawanci ko dai a ɗaga su duka a ninka kuɗin sau huɗu, ko a bar su duka. Tikitin rukuni, irin wanda ake yanka wa ayarin masu Umara, sau da yawa ba ya shiga gwanjo sam. Wanda aka ɗaga a ƙurarren lokaci kuma ba a yi masa alƙawarin abincin da yake so ba, domin an riga an loda abinci bisa adadin da aka sani. Mai katin naira ya duba iyakar abin da bankinsa ya yarda ya kashe a waje, kada a sallama masa katin ya ƙi biya.

Haraji ma yana da nasa rabo. Birtaniya tana karɓar harajin fasinja tun 1994, kuma tana bambanta ajin ƙasa da duk wani aji da ke samansa. Daga Afrilun 2025 zuwa Maris na 2026, mai tashi daga Landan zuwa Abuja ko Legas fam 90 ne harajinsa a ikonomi, fam 216 a duk ajin da ya fi shi, har da na tsaka-tsaki. Ke nan a lokacin fam 126 na cikon da ake nema gwamnati ce ke ɗauka, wanda ya sa ɗaga tikiti a dawowa daga Landan kan fi tsada a kan zuwa.

Matafiyan Najeriya sun ɗanɗani ikon harafi da jikinsu. Lokacin da kuɗin kamfanonin jiragen waje suka maƙale a ƙasar saboda ƙarancin dala, har ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce sun kai kimanin dala miliyan 850 a Yunin 2023, kamfanonin sun rufe rukunan tikiti masu arha suka bar masu tsada kawai. Emirates ma ta dakatar da zuwa a ƙarshen 2022, ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. Kujerun ba su canja ba, harafin da ake sayarwa ne ya canja. Farashi bai fara sassautawa ba sai a 2024, da aka biya mafi yawan bashin, Air Peace kuma ta fara zuwa Landan daga Legas a ƙarshen Maris na shekarar.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Abin da ya cancanci kuɗi a gaban jirgi shi ne gado a tafiyar dare mai nisa. Kujerar ikonomi tazararta da ta gaba inci 31 ko 32 ce, ta tsaka-tsaki kusan 38, gadon bizines kuwa ya kusa mita biyu. A awa goma tsakanin Addis Ababa da Sin, ko awa shida da ɗoriya tsakanin Abuja da Landan cikin dare, ga dattijo mai ciwon baya ko wanda zai sauka ya wuce taro kai tsaye, wannan bambanci na gaske ne. A raba kuɗin da awoyi: a ƙaddara an nemi dala 400 a tafiyar awa goma, dala 40 ke nan kowace awa. Amma tsakanin Kano da Abuja, kafin a gama shan lemo an fara sauka. A jiragen cikin Turai kuwa, bizines ɗin sau da yawa kujerar ikonomi ce sak, an bar ta tsakiya babu kowa. Ko a dogon zango ba kowane jirgi ne ke da gado ba, kuma kamfani na iya sauya jirgi ana gobe tafiya. Duba taswirar kujeru kafin a taya.

Su kuwa masu cewa in ka sha babbar riga da hula mai kyau ka yi wa ma'aikaciyar kanta fara'a za a kai ka gaba kyauta, labarinsu ya tsufa. Ana ɗaga mutum kyauta idan an sayar da ikonomi fiye da kujerunsa, amma kwamfuta ce ke jero sunaye bisa matsayi a shirin maki da tsadar tikiti. Ado ba ya cikin abin da take gani.

Duk wanda saƙon nan ya zo masa, kafin ya taɓa komai ya fara duba nawa ake sayar da tikitin bizines na wannan jirgin a ranar, ya cire abin da ya riga ya biya. Wani lokaci bambancin bai fi abin da ake so ya taya da yawa ba, kuma sake yankar tikiti ta zo da kilo, da maki, da damar sauya rana. Idan bambancin ya yi nisa, ya taya kaɗan sama da mafi ƙanƙantar farashin, daidai abin da ba zai dame shi ba idan tafiyar ta rushe. In an ce albarka, kujerarsa ta baya tana nan, kuma lokaci ɗaya za a sauka.