Bayan BAC sai ina? Tambayar da ɗalibai ke yi wa kansu a makare

Duk shekara da zarar sakamakon jarabawar BAC ya fito, gidaje a Yamai, Maradi, Damagaram da Tahoua kan cika da guɗa da barka. Kwanaki kaɗan bayan haka sai murnar ta koma tunani, domin lokacin cike takardun shiga jami'a ya zo, kuma yawancin ɗaliban ba su taɓa zama sun tambayi kansu aikin da suke son yi a rayuwa ba.

Gaskiyar magana, an yanke rabin hukuncin tun shekaru uku baya. Yaron da ya ci BEPC ana tura shi aji na farko na lise a ɓangaren A ko C, galibi bisa makin da ya samu a lissafi da Faransanci. A lokacin bai wuce shekara 15 ko 16 ba. Wanda ya bi A ya kama hanyar adabi, shari'a da harsuna, ƙofar likitanci kuwa kusan ta rufe masa. Wanda ya bi C ko D ana kallonsa a matsayin mai ƙwaƙwalwa, ko da zuciyarsa na wajen tarihi ko aikin jarida. Ba kasafai ake tambayar yaron ra'ayinsa ba.

Sai kuma gida. Uba na son likita, uwa na son ma'aikacin gwamnati mai albashi a ƙarshen wata. Yayan da ke Libiya, Aljeriya, Legas ko Faransa, wanda shi ke aiko kuɗin makaranta, shi ma yana da tasa magana ta WhatsApp, kuma da wuya ƙane ya musa wa mai biya. Niyyarsu mai kyau ce, sun ga wahala ne ba su son ta maimaitu. Amma karatun likita yana cin shekara bakwai ko fiye, kuma wanda ya shige shi don kunyar iyaye yakan gano kuskurensa bayan ya maimaita shekarar farko, kuɗi sun tafi, sa'o'insa sun yi gaba.

Abin mamaki shi ne hanyoyin sun fi na da yawa. Shekaru da dama Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ce kaɗai jami'ar gwamnati a ƙasar. A 2010 aka buɗe na Maradi, Damagaram da Tahoua, waɗanda yau ke ɗauke da sunayen Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani, sannan a 2014 aka ƙara na Agadez, Diffa, Dosso da Tillabéri. Akwai makarantar EMIG mai horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, akwai IPDR ta Kollo mai koyar da aikin raya karkara. Duk da haka ɗalibai da yawa sunayen fannoni uku ko huɗu kawai suka sani, waɗanda suka ji a fada wajen shan shayi.

Noma ya fi kowane fanni shan raini, duk da cewa shi ke riƙe da mafi yawan 'yan ƙasa. Ɗan birni na ganin karatun gona koma-baya ne. Alhali albasar Galmi tana kaiwa kasuwannin Ghana da Côte d'Ivoire, fatar jar akuyar Maradi ta yi suna har ƙetare, kuma a jihar Maradi ne dabarar raya kututturen itatuwa a cikin gonaki ta bunƙasa tun shekarun 1980, har wasu ƙasashe suka zo koyo. Adana albasa don kada ta ruɓe kafin farashi ya tashi, shi kaɗai aiki ne da ke jiran mai ilimi.

Mutumin da babbar jami'ar ƙasar ke ɗauke da sunansa ma haka ya yi. Abdou Moumouni, haifaffen Tessaoua a 1929, ya yi karatun kimiyyar fiziks a Faransa, ya dawo ya dubi abin da Nijar ke da shi a yalwace, wato rana, ya ba da sauran rayuwarsa ga binciken makamashinta har rasuwarsa a 1991.

Hutun damina watanni ne masu tsawo, kuma a nan ɗalibi ke da damar gwada kansa tun kafin ajin ƙarshe. Mai son likitanci ya nemi izini ya yi mako biyu yana kallon aiki a asibitin unguwa, ya ga jini da kwanan dare. Mai son shari'a ya je kotu ranar zaman da kowa ke iya halarta. Mai sha'awar lantarki ya bi mai haɗa faifan sola zuwa rufin gidaje cikin zafi. Wasu za su dawo da ƙarin ƙwazo, wasu su dawo sun fasa, kuma fasawa a mako biyu ta fi fasawa a shekara ta uku arha.

Digiri dai bai tabbatar da aiki. Masu lasisi da yawa na gama bautar ƙasa su koma koyarwar kwantaragi ko jiran gasar ɗaukar ma'aikata. Yayan da ke ƙetare, kafin ya aiko kuɗin rajista a bana, zai iya fara tambayar ƙanensa wane aiki ya taɓa gani da idonsa har ya ji yana son yi.