Ɗan Mai Haƙar Kwal Da Ya Zama Shehin Ilmin Haske

Bayan godiya ga Allah da salati ga Annabi, ga labarin wani masani mutumin Amurka, Nick Holonyak, wanda malamai da fatake za su sami abin lura a cikinsa.

An haife shi a 1928 a jihar Illinois. Ubansa baƙo ne daga gabashin Turai, haƙar kwal ita ce sana'arsa. Yaron ya yi lebura a hanyar jirgin ƙasa, sa'an nan ya shiga Jami'ar Illinois, ya durƙusa gaban Shehin Malami John Bardeen, ɗaya daga cikin mutum uku da suka ƙago taransista. Shi ne almajirinsa na fari da ya kai ga digirin dakta, a 1954.

A 1962, yana aiki a kamfanin General Electric, sai ya haɗa ma'adinai uku, galiyam da arsenik da fosfaras, ya sami 'yar tsakuwa wadda ba ta kai ƙwayar gero ba. Halinta tsaka-tsaki ne: ba ta sakin hanya ga lantarki sarai kamar tagulla, ba ta kuwa tare shi ɗungum kamar gilashi. In lantarki ya ratsa ta sai ta yi haske. Gefenta biyu an goge su sumul kamar madubi, hasken ya yi ta kai da kawowa tsakaninsu yana ƙara ƙarfi, har ya fita siriri, ja wur, kamar an ja zare. Shi ake kira leza. Waɗanda suka riga shi sun fid da leza daga irin wannan tsakuwa, amma wanda ido ba ya gani.

To, a 1963, sunansa ya fara tashi ke nan, sai ya bar kamfani ya koma jami'arsa karantarwa. Shekara 50 ya yi a kai, har 2013. Kimanin almajirai 60 suka sami digirin dakta a hannunsa. Cikinsu akwai George Craford, wanda ya fid da fitila rawaya daga wannan fanni a 1972.

Kyautar Nobel, wadda malaminsa ya samu sau biyu, shi bai same ta ba har ya rasu a 2022. Amma silsilar ba ta yanke ba: daga Bardeen zuwa Holonyak, daga Holonyak zuwa Craford. 'Yar jar fitilar nan da ke jikin rediyo da cajar waya a rumfunan kasuwa, asalinta aikinsa na 1962 ne. Dukiya in an raba ta raguwa take yi, ilmi kuwa sai an raba shi yake yaɗo.

Allah ya ba da ilmi mai amfani, amin. Tamat.