Dokar da ta hana Gwamna Walker neman a sake ƙidayar ƙuri'u

A zaɓen ranar 6 ga Nuwamba 2018, Gwamna Scott Walker na jihar Wisconsin a Amurka ya sha kaye a hannun Tony Evers da tazarar ƙuri'u kusan 29,000, cikin sama da miliyan 2.6 da aka kaɗa. Har dare ya raba ana kankankan, sai da birnin Milwaukee ya fito da sakamakon dubban ƙuri'un da aka kaɗa kafin ranar zaɓe, sannan Evers ya yi gaba.

Me ya hana a sake ƙidaya? A Amurka kowace jiha da dokarta. A Wisconsin ba a sake ƙidaya sai ɗan takara ya nema, kuma sai tazarar ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ta Walker ta kai kusan kashi 1.1. Ko da ya cancanta, aljihunsa ne zai ji jiki, domin hukuma ba ta ɗaukar kuɗin aikin sai tazarar ta tsaya cikin kashi 0.25.

Walker da kansa ya sa wa iyakar kashi 1 ɗin hannu a 2017, bayan Jill Stein, wadda ta samu kusan kashi 1 kacal a zaɓen shugaban ƙasa na 2016, ta sa an sake ƙirga ƙuri'un jihar kaf. Duk wahalar nan, ƙuri'u 131 kawai aka ƙara wa ratar Trump. A ganina dokar ta yi daidai, domin sake ƙidaya ba ta cika cike giɓin dubbai ba. Washegarin zaɓen 2018, Walker ya amince da shan kaye.