Ƙurjin leɓe da ɗan bakwaini

Kowa ya san ƙananan ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a gefen leɓe bayan mutum ya yi masassara. Suna ƙaiƙayi, su fashe, su yi ɓawo, cikin kwana 10 sun warke. Ba wanda ke fasa zuwa gona saboda su. Amma ƙwayar cutar da ke kawo su tana iya kashe jinjiri, balle ɗan bakwaini.

Likitoci suna kiran ta harpes. Iri biyu ce. Ɗaya ta fi zama a baki. Ɗayar ta fi zama a al'aura, ana ɗaukar ta wajen kwanciya. In ta shiga jiki ba ta fita. Tana laɓewa cikin jijiya, ta riƙa tasowa jifa-jifa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa kusan mutum 2 cikin 3 na waɗanda ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da irin ta baki. Yawancinsu ba su sani ba.

Ba ta cika kama jarirai ba: kamar 10 ne cikin haihuwa 100.000 a duniya. Amma in ba a yi magani ba, wajen 6 cikin 10 na waɗanda ta kama suna mutuwa.

Makiyayi ya san maraƙin da bai sha dakashi ba, kowace cuta kayar da shi take yi. Ɗan adam kuwa tun yana ciki uwa ke ba shi garkuwa ta mabiyiya, kuma mafi yawanta cikin wata 3 na ƙarshe take wucewa. Bakwaini ya fito bai karɓi rabonsa duka ba. Ga fatarsa ba ta yi kauri ba. Shi ya sa cutar ke saurin gama jikinsa.

Yawancin jarirai wajen haihuwa suke ɗaukar ta, in ƙwayar tana al'aurar uwa. Haɗari ya fi girma in uwar ta kamu karo na farko gab da haihuwa, don jikinta bai riga ya yi garkuwar da zai ba ɗan ba. A nan maigida yana da nasa aiki: in ƙuraje sun fito masa, a baki ko a gaba, ya haƙura da matarsa mai tsohon ciki. Mace kuma da ta taɓa ganin ƙuraje masu zafi a gabanta, ta gaya wa ungozomar likita ranar awo. Kunya a nan ba ta da amfani. Akwai ƙwayar magani da ake ba ta tun daga sati na 36. In kuma ƙurajen suna nan ranar naƙuda, likita na iya fid da ɗan ta hanyar tiyata.

Wasu kuwa bayan haihuwa suke kamuwa, ta miyau ko ta hannu. Ran suna gida na cika. Jinjiri na yawo daga hannu zuwa hannu. Wata ta sumbace shi, wani ya yi masa tofi, wata ta tauna abu ta sa masa a baki. Duk don ƙauna ne. Amma mai ƙurji a leɓe ya yi barka daga nesa, addu'arsa za ta iso. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki yaro. Ɗan bakwaini kuma a ɗaga masa aikin wanzami, don duk inda aska ta yanka, ƙofa ce aka buɗe wa cuta. Uwa mai ƙurji a leɓe ta rufe bakinta da ƙyalle mai tsabta, ta ci gaba da ba da nono. Sai in ƙurjin a kan nonon yake, to ta shayar da ɗayan.

Cutar ta fi bayyana cikin sati na 2 da na 3, amma har sati 6 ba a saki jiki ba. A duba fata, da kai, da baki, da ido, ko akwai ƙuraje masu ruwa. Sai dai jarirai da yawa ba sa yin ƙurji ko ɗaya. Yaro ya ƙi nono, ya yi laushi, barci ya yi yawa, numfashi na sama-sama, ko jikinsa na fizga. Bakwaini ma sau da yawa ba ya zafi, sanyi jikinsa ke yi. Lokacin nan cutar tana iya kasancewa ta kai ƙwaƙwalwa ko hanta.

In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi likita ranar nan, ko da dare ne. Kada a fasa ƙurjin, kada a shafa toka ko man shanu. Ƙwayoyin masu talla a kasuwa ba sa taɓa wannan cuta. Maganinta sunansa asiklobir, ta jijiya ake sa shi, don haka sai an kwantar da yaro a babbar likita, irin gidajen kula da uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, ko matarnite Isaka Gazobi ta Yamai. Kwana 14 ake yi in cutar ta tsaya a fata, kwana 21 in ta kai ƙwaƙwalwa ko ta bi jiki. Bayan an sallame shi, ana ci gaba da ba shi na sha har wata 6, ana kuma komawa da shi a duba idonsa da girmansa.